Riga Biyu a Zafin Jimeta

Yadda muka baro garinmu ba zan faɗa ba. Duk wanda ya fito daga ƙasar Madagali a shekarar gudun hijira yana da irin wannan labari, nawa kuma bai fi na kowa ba. Zan fara daga wani shingen bincike da ke kan hanyar Song, inda aka sauke mu daga bayan tifa da hantsi, aka ce mata su koma gefe, maza su yi layi su tuɓe riga.

Ni da Dauda muke tafe. Abokin sana'ata ne, shekara goma sha ɗaya muna ga-ruwa tare, daga rijiyar gindin dutse zuwa cikin gari, garwa biyu a sanda. Wanda ya yi wannan aiki kafaɗarsa ba ta ɓuya. Fatar wurin takan yi baƙi, ta yi kauri, ta yi kanta kamar tafin ƙafa. A gida ba wanda ya taɓa kallon tawa sau biyu, in ban da Innarmu da takan shafa mini man shanu a kai tana mita.

Ban san abin da ake dubawa ba sai da wani dattijo da ke bayana ya raɗa mini. Ya ce kafaɗa suke kallo, wai wanda ya daɗe a daji yana rataye da bindiga, maratayin yakan bar masa shaida.

Dauda yana gabana da mutum huɗu, bai ji abin da dattijon ya ce ba. Ya tuɓe rigarsa har yana murmushi. Mai binciken ya ɗora yatsa a kafaɗarsa ya danna, sannan ya yafuto ɗan'uwansa.

"Wannan fa?"

"Ruwa ne, yallaɓai," in ji Dauda. "Ga-ruwa nake yi."

"Duk haka kuke cewa."

Suka zaunar da shi a ƙasa kusa da teburinsu, gefen wasu garwa biyu da suke ajiye ruwan shansu. Mai binciken ya juyo ya tambayi layi ko akwai wanda ya san shi. Dauda ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na dubi yatsun ƙafata. Na san in na buɗe baki, tawa rigar za a ce in cire. Kafin layi ya zo kaina sai ga manyan motoci uku maƙare da mutane, babban masu binciken ya ce a sallami 'yan tifa a rage cunkoso. Na hau tare da sauran. Har muka sha kwana Dauda yana zaune inda aka ajiye shi, rigarsa a kan cinya.

Ni matsoraci ne, ban taɓa musun wannan ba. Tun ina yaro ko akuya ta yi atishawa a bayana sai na zabura. Amma tsoron da na shigo da shi Jimeta wani iri ne, don abin da nake tsoro a jikina yake, duk inda na je yana nan.

Muka wuce Girei, muka hau gada. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan Binuwai ba, kuma abin dariya, tunanin da ya fara zo mini shi ne, ashe a garin nan ba mai bukatar irina. Da na sauka a tasha, abu na farko da na nema ba abinci ba ne. Wajen masu gwanjo na je, na ba da hulata ta sallah aka ba ni wata riga mai kauri mai dogon hannu, irin ta masu gadi. Na ɗora ta a kan tawa. Gani nake riga ɗaya ba ta isa ba, in gumi ya jiƙa ta za ta manne a ga abin da ke ƙasa. Wanda ya san zafin Jimeta ya san abin da na ɗora wa kaina. Ko wanka na je bakin kogi, da rigar ciki nake shiga.

Aikin farko da na samu a wani gidan bulo ne a unguwar Damilu. Ba su tambayi takarda ba, ƙarfi suke so, ni kuma shi kaɗai na zo da shi. Amma masu buga bulo ba sa aiki da riga. Kowa daga shi sai gajeren wando, ni kaɗai nake ɗibar yashi cikin riga biyu kamar mai jinyar masassara. Rana ta farko suka yi dariya. Rana ta biyu suka sa mini suna Alhaji Sanyi. Rana ta uku shugaban leburorin ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Kai me ya sa ba ya cire rigan nan? Daga ina ma ka ce ka fito?"

Na ce zan zaga in dawo. Har yau ban koma ba.

Daga nan na gane yadda garin yake. A lokacin ba a ɗaukar baƙo aiki, ko sharar shago ce, sai da abu biyu: takardar Jauro, wato mai unguwa, da kuma garanto, mutumin gari da zai sa hannu ya ce in ka yi wani abu a kama shi. Ban ga laifinsu ba. Mutane sun ga abin da ya tsorata su, kuma mu da muka gudo, fuskarmu da sunayenmu da sallarmu duk iri ɗaya ne da na waɗanda suka koro mu. Sai dai Jauro ba ya ba ka takarda in ba ka da gida a unguwarsa, mai gida ba ya ba ka ɗaki in ba ka da aiki, mai aiki kuma takardar Jauro yake jira. Haka na yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

A tasha na haɗu da wani mai fara'a, yana rataye da kati a wuya, ya ce shi ɗan ƙanwar wani Jauro ne. Ya kira ni Hamma, wato yaya, ya saya mini ruwan leda. Ya ce takarda ba matsala ba ce, sai dai Jauron yana so ya duba wayata ya ga su wa nake kira, kafin azahar zai dawo mini da ita tare da takardar. Na miƙa masa har ina godiya. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar. Masu shayi suka ce ni ne na uku a makon. A cikin wayar nan lambar mutumin da Innarmu take hannunsa a tsallaken iyaka take, kuma rashinta ya sa ni kuka a bainar jama'a. Amma akwai lambar Asabe matar Dauda a ciki, wadda ta kira ni sau bakwai ban ɗauka ba. Kunya ce in faɗa, amma wani gefe na zuciyata sauƙi ya ji.

Kewar gida takan kama ni a wuraren da ban zata ba. In na ga an tura kurar ruwa da jarkoki, sai in tuna sanyin rijiyarmu da safe, da yadda Dauda yake rera kiransa tun daga bakin kasuwa, matan gari su ce sun fi gane muryarsa da ta ladan. A Jimeta ba mai ɗaukar ruwa a sanda, duk kura ake turawa. Ko da na ce wa wani ga-ruwa ce ta yi mini wannan tabo, ina zai ga irinta ya yarda?

Ranar da na fi kusa da halaka a ƙofar kasuwa ce. An sa masu bincike da ƙarfen nan mai ƙara, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni ban taɓa tunanin yadda mutum mai riga biyu yake a idon jama'a cikin wannan zafi ba, ga gumi yana zuba, ga ni ina ta rarraba ido. Sai na ga layin ya dare, mata suna jan 'ya'yansu. Wani ya daka mini tsawa daga nesa ya ce in tsaya nan, in ɗaga riga. Rigar da na saya don ta ɓoye ni ita ta sa aka ɗauke ni mai ɗauke da abin fashewa. Na kama gefen rigunan biyu na ɗaga zuwa ƙirji, ina roƙon Allah kada a ce in cire gaba ɗaya. Suka ga ciki a shafe, ba komai sai haƙarƙari. Wani ya yi tsaki ya ce mahaukaci ne, a bar shi.

Na je na zauna a bakin wani shagon robobi. Mai shagon wata Inyamura ce mai jiki, Madam Nkechi. Ta leƙo ta dube ni, ta koma, ta fito da shinkafa a murfin kula.

"Aboki, ci. Kai ya kusa mutu don banza. Wetin be this riga sef?"

Na ce sanyi nake ji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ba ta sake tambaya ba. Kwana biyar ina taya ta fitar da bokitai da safe, tana ba ni abinci. Ta so ta ɗauke ni, sai dai dokar 'yan kasuwa ta hana sai da garanto, ita kuma ta ce ba a karɓar sa hannun baƙuwa a kan baƙo.

"Je unguwan Ajiya," in ji ta. "Akwai wani baba a masallaci, Bappa Njidda. Mutanenku ne. Shi yana tsaya wa mutane. Ka ce Nkechi mai roba ya aiko ka."

Na same shi a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci, siririn tsoho mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya. Da gudun hijira ya yi yawa, jama'ar masallacin suka ɗora masa wannan aiki: ya rubuta wa marasa aiki takardar nema, ya kai su gaban Jauro, in ta kama ya tsaya musu. Ranar na tarar yana rarrashin wani tela da maigidansa ya hana fita sallar Juma'a, ya ce zai je da kansa su daidaita a rama awar da yamma. Bayansa wata malamar makaranta ce da takardunta suka ƙone tare da gidansu. Bappa ba ya aika kowa da wasiƙa. Ƙafarsa ƙafarka, ya shiga keke da kai har wurin mai aikin.

Da layi ya zo kaina ya ce, "Bingel am, zauna." Daga baya na san ɗana yake nufi. Ya tambayi garinmu, da sunan limaminmu, da sana'ata. Na ce noma.

"Kowa da ya zauna a bencin nan akwai abin da ya hana shi aiki," in ji shi. "Wani takarda ne babu, wani ya taɓa zaman gidan yari. Ni ba alƙali ba ne. Amma in na sani, na san ta inda zan bi. Naka mene ne?"

Na ce ba komai, garanto ne kawai ba ni da shi. Ya dubi rigata ta saman tabarau.

"Zazzaɓi kake yi?"

Na ce e, yana tasowa lokaci-lokaci.

Mako biyu ya bar ni ina share harabar masallaci, ina kwana a zauren maƙwabcinsa, abinci yana fitowa daga gidansa. Yana kallon yadda nake alwala da yadda nake mayar da tsintsiya inda na ɗauke ta. Sannan ya kai ni wurin Jauro, ya kuma sa hannu a takardar wani gidan burodi a Alkalawa da ke neman mai ɗaukar buhunan fulawa. Ina tsaye ya rubuta sunansa da kwatancen gidansa, ya manna hotonsa. Na so in ce masa ya dakata, amma na bar shi ya gama.

Da safe muka je. Tun daga ƙofa na hango ma'aikatan a bakin tanda, ba mai riga ko ɗaya. Mai gidan burodin ya karɓi Bappa da girmamawa, ya duba takardu, sannan ya ce saura abu ɗaya: duk sabon ma'aikaci sai shugaban 'yan sintirin unguwa ya duba shi, ya riga ya aika a kira shi.

Na ce zan kama ruwa. Bayan gidan akwai katanga gajera, ko tsohuwa za ta iya haura ta. Na ɗora hannu a kai. Daga inda nake ina hango Bappa ta tsakanin buhuna, yana zaune a kan kujerar roba, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, takardar da ya sa wa hannu tana kan tebur a gabansa. In na haura, shi za a tambaya. Za a ce tsohon nan ya kawo mutumin daji unguwa, ya gudu da ya ji za a duba shi. Na taɓa barin mutum zaune a gefen tebur yana jirana. Ba jarumta ce ta dawo da ni ba. Na dai san ba zan iya ɗaukar na biyu ba.

Shugaban 'yan sintirin ƙato ne, maharbi, da layu a damtse. Ya ce in tuɓe. Na cire ta sama, na cire ta ciki. Wata huɗu rabon da iska ta taɓa bayana. Ma'aikatan suka bar tanda suka matso. Ya ɗora yatsa a kafaɗata ya danna, daidai yadda aka yi wa Dauda.

"Maratayin bindiga," ya ce a hankali. Ya juya wurin Bappa. "Bappa, ka san abin da ka kawo mana?"

Bappa ya tashi ya zo ya duba da kansa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ka ce mini noma," in ji shi.

"Ƙarya na yi, Bappa."

"To me ka ɗauka a nan?"

"Ruwa. Ga-ruwa nake yi a garinmu, da sanda."

Maharbin ya yi murmushin da na riga na sani. Kafin ya ce duk haka muke cewa, Bappa ya ɗaga masa hannu.

"Ni ma ban sani ba ko gaskiya ne. Yaron nan ya riga ya yi mini ƙarya sau ɗaya. Amma hannuna yana kan takarda, ina da haƙƙin in gani. A kawo garwa biyu da igiya. A ba shi sandan can."

Sandar da ake zaro burodi daga tanda ya nuna. Aka kawo garwar man gyaɗa biyu da babu komai ciki, aka cika su da ruwa har baki, aka jefo mini igiya. Ina taɓa igiyar hannuna ya tuna aikinsa. Na huda bakin garwa, na yi ɗaurin da muke yi, na gwada nauyin ɓangarorin biyu, na tsinko ganye na jefa a kan ruwan don kada ya yi tambal-tambal. Na durƙusa na shiga ƙarƙashin sandar. Ta zauna a cikin kantar nan kamar don ita aka sassaƙa ta.

Na miƙe na kama tafiya, irin tafiyarmu mai ɗan sassarfa da ake bin lilon garwa. Na kai ƙofa na juyo. A tsakiyar fili, ba tare da na tsaya ba, na sunkuyar da kai na murza sandar ta bayan wuya ta koma ɗaya kafaɗar, kowa ya ga tabon ya bi ta nan ya sauka can. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sai na ji kira ya fita, "Ga ruwa!" Kuma ba nawa kiran ba ne, na Dauda ne, da jan muryarsa a ƙarshe.

Na sauke a gaban maharbin. Ƙasan garwar a bushe take, ko ɗigo bai zuba ba. Ya zagaya bayana ya bi tabon da yatsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Sannan ya ce a ɗora masa shi ma. Taku uku ya yi, rabin ruwan ya ƙare a wandonsa, ma'aikata suka fashe da dariya, shi ma ya taya su.

"Bindiga ba ya bin bayan wuya," ya ce wa mai gidan. "Ɗauke shi." Ya dafa ni. "Kai ma da wauta. Abu mai sauƙi haka, ai da ka ce a ba ka sanda tun farko."

Nan na zauna a ƙasa na kama kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka sace wayata. Suka zaci murna ce. Bappa kaɗai ya gane ba ita ba ce. A cikin keke muna komawa na faɗa masa labarin Dauda duka, har da yadda na dubi yatsun ƙafata. Bai wanke ni daga laifi ba, bai kuma zage ni ba. Ya ce gobe in zo da cikakken sunansa da na mahaifinsa, za mu fara rubuta takarda.

Mun rubuta da yawa. Mun je duk inda aka ce ana tsare mutane, Bappa yana gaba da sandarsa ina biye, har ƙafarsa ta daina kai shi. Asabe na same ta bayan shekara biyu a wani sansanin 'yan gudun hijira, na faɗa mata da bakina. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, ta shiga ɗaki.

Yanzu gari ya lafa. Ni ne mai kula da tanda a gidan burodin nan, na yi aure a Damilu, Innarmu tana wurina. Bappa Njidda ya rasu bara waccan, kuma ran Asabar ni nake zama a bencinsa, ko da yake rubutun sai wani malami ya taya ni. In mai neman aiki ya zauna, tambayar Bappa nake yi masa, in ce naka mene ne. In ya ce ba komai, ba na matsa masa. Nakan buɗe wuyan rigata in nuna masa kafaɗata in ba shi labari, yawanci kafin in gama ya fara nasa.

Mutane suna son wurin da maharbi ya jiƙa wando, nan suke dariya. Ni kuwa ba nan nake tsayawa ba. A shingen nan na hanyar Song akwai garwa biyu cike da ruwa, na gan su da idona, Dauda yana zaune har kafaɗarsa tana taɓa ɗaya. Sandar da suka gitta a hanya ma gora ce, daidai tsawon tamu. Kalma huɗu ce kawai, ku ba shi sanda. Har yau ba a ga Dauda ba.